Jita Ba Tsirkiya: Joe Satriani da Yaran da Ya Yaye

Wajajen 1973, a tsibirin Long Island da ke jihar New York, wani yaro ɗan kimanin shekara 13 ya ƙwanƙwasa ƙofar wani gida. Hannu ɗaya yana riƙe da jita wadda ko tsirkiya ɗaya babu a jikinta, ɗaya hannun kuma da ƙunshin sababbin tsirkiyoyi waɗanda bai san yadda ake ɗaura su ba. Wanda ya zo nema shi ma yaro ne, shekara 4 kacal ya ba shi, makarantar sakandare ɗaya suke zuwa a garin Carle Place, kuma shi kansa bai fi shekara 3 da fara taɓa jita ba. Sai dai labari ya riga ya zaga unguwa cewa hannun nan nasa daban ne, kuma yana koyarwa a ɗakinsa a kan 'yan daloli. Mai ƙwanƙwasa ƙofar shi ne Steve Vai. Mai ɗakin kuwa Joe Satriani.

Duk wanda ya san kiɗan rok na jitar lantarki ya san inda sunayen nan biyu suka kai. Vai ya shiga ƙungiyar Frank Zappa a 1980 yana ɗan shekara 20, daga baya ya yi wa David Lee Roth da Whitesnake kiɗa, ya fitar da Passion and Warfare a 1990. Satriani kuma ya sayar da faya-fayai sama da miliyan 10, mafi yawansu kiɗa ne zalla, babu bakin mawaƙi a ciki. Mujallun jita sun shekara fiye da 30 suna auna saurin yatsunsa, suna jera shi cikin gwanaye. Ban musa ko ɗaya ba. Amma a ganina an fi yawan kallon mutumin nan ta inda ya fi ƙyalli, an bar inda ya fi nauyi. Abin da ya sa nake girmama shi shi ne ya koyar da gwanaye da dama, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da za ka ji kiɗansa ka ce wannan hannun Satriani ne.

A dubi waɗanda suka zauna a gabansa bayan ya koma Berkeley a jihar Kalifoniya a 1978, inda ya yi kusan shekara 10 yana koyarwa a wani shagon sayar da tsofaffin jita mai suna Second Hand Guitars. Akwai Kirk Hammett, wanda ya bar ƙungiyar Exodus ya shiga Metallica a 1983, kiɗansa kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano. Akwai Alex Skolnick, wanda ya shiga ƙungiyar da ta zama Testament tun yana ɗan shekara 16, ya yi suna a kiɗan metal, sannan ya ajiye komai ya tafi New York ya karanci jaz a New School, ya kafa ƙungiyarsa ta mutum uku. Larry LaLonde ya fara da Possessed, masu kiɗa mai tsananin kaushi, ya ƙare a Primus inda yake fitar da sautuka karkatattu waɗanda da gangan ba sa bin hanya. Charlie Hunter bai ma tsaya a rok ba, jaz ya nufa, da jita mai tsirkiya 8 wadda yake kaɗa sautin ƙasa da na sama a kanta lokaci guda, kamar mutum biyu ne a jiki ɗaya. Shi ne ake ji a wasu waƙoƙin faifan Voodoo na D'Angelo. David Bryson na Counting Crows kuwa da wuya ka ji ya yi gudu a kan tsirkiya, aikinsa shi ne ya shimfiɗa wa mawaƙi tabarma. Ka haɗa waɗannan a ɗaki ɗaya, ka kira wanda bai san tarihinsu ba ya saurara, ba zai taɓa kawowa a ransa cewa kujera ɗaya suka zauna a gaban malami ɗaya ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san halin koyarwa. Abin da ya fi sauƙi ga gwani shi ne ya ce wa yaro, kalle ni ka yi yadda na yi. Yaron ma abin da yake so ke nan, don shi ya kawo shi. Gwanin yana jin daɗi in ya ji muryarsa tana fita ta bakin wani, kuma duniya za ta yabe shi da cewa ya bar magada. Amma magajin da bai iya komai ba sai kwafin ubangidansa, ranar da ubangidan ya kau shi ma ya kau, don mutane sun gwammace su koma ga na asali. Kafin malami ya iya danne wannan sha'awa, sai ya kasance ya rarrabe tsakanin abin da yake na sana'a, wanda kowa ke da haƙƙin samu, da abin da yake nasa shi kaɗai. Satriani ya rarrabe, kuma ina jin na san inda ya koyo.

An haife shi ranar 15 ga Yulin 1956 a Westbury, iyayensa 'yan asalin Italiya. Ganga ya fara kaɗawa yana ƙarami. Ranar 18 ga Satumban 1970 yana filin atisayen ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka aka zo da labarin Jimi Hendrix ya mutu a Landan. Ya tafi wurin kocinsu ya ce ya bar ƙwallo, jita zai koya. Shekararsa 14. A makarantar tasu akwai wani malamin ilimin kiɗa, Bill Westcott, wanda ya koya masa karanta kiɗa a rubuce da sanin yadda ake gina shi, kuma shi ne ya koyar da Vai daga baya. Sai a 1974 ya je hannun mutum biyu 'yan jaz: Billy Bauer mai jita, da Lennie Tristano.

A kan Tristano ya kamata a daɗe. Makaho ne, makaɗin piyano, wanda manyan 'yan jaz irin su Lee Konitz da Warne Marsh suka yi karatu a wurinsa. Ba ya kaɗa jita, saboda haka babu wani salon yatsa da zai ba yaron ya kwaikwaya. Watanni kaɗan Satriani ya yi a wurinsa, amma har yau in ana hira da shi sai ya koma kan waɗannan watanni. Ƙa'idar tsohon ita ce, in ya ba ka aiki ka zo kana kaɗawa ka yi kuskure ɗaya, darasin ranar ya ƙare, ka tashi ka tafi sai wani mako. Yakan sa ɗalibi ya kunna faifan wani gwani ya bi kiɗan da bakinsa, sauti bayan sauti, kafin ya taɓa kayan kiɗa, domin abin da kunne bai riƙe ba yatsa ba zai faɗe shi da gaskiya ba. Kuma ya sha yi masa faɗa a kan wata cuta da ya ce tana damun yaran unguwannin masu hali: suna cikin kiɗa hankalinsu na kan abin da ya kamata su kaɗa da abin da da sun kaɗa, har lokaci ya wuce ba su kaɗa abin da ransu ke so ba. Wato tsohon ya raba abu biyu da yawancin masu koyo ke cakuɗawa. Lokacin atisaye babu sassauci ko kaɗan, sai ka san kowane lungu na kayan aikinka. Lokacin kiɗa kuwa ka saki jiki, ka daina yi wa kanka alƙalanci.

Wannan tsanani ya riga ya kasance a jinin Satriani tun kafin ya kai ga Tristano, ko kuma ya ƙara kaifi bayan haɗuwarsu. Vai ya sha ba da labarin ranar da malamin nasa ya ce ya je ya haddace sunan kowane sauti a kowace gaɓa ta wuyan jita. Tsirkiya 6 ce, kowace da gaɓoɓi sama da 20, yaron ya ga abin ya yi yawa, bai yi ba. Da ya dawo, Satriani ya kira sunan sauti ɗaya ya ce ya nuna masa shi a kan tsirkiya ta biyu. Vai ya tsaya yana lalube. Nan take aka ce masa darasi ya ƙare, ya tafi gida, kada ya dawo sai ya sani. Ya taka a ƙasa har gida cikin kunya, kuma ya ce daga ranar bai sake zuwa darasi bai shirya ba. Wani zai ce ai wannan zafi ne ya yi yawa ga yaro. Ni kuwa ina ganin a nan ne mutunta ɗalibi yake. Bai kore shi don ya kasa kaɗa wani abu mai wuya ba. Ya kore shi don bai san sunan abin da ke ƙarƙashin yatsansa ba, kuma wanda bai san wannan ba zai ƙare rayuwarsa yana bin sawun wasu, don ba shi da yadda zai nemo abin da ke kansa.

A Berkeley, yaran da ke shigo masa suna ƙirƙirar wani sabon kiɗa ne, mai gudu da fushi, wanda daga baya aka sa wa suna thrash. Shi kuwa malamin da daddare yana ƙungiyar Squares, suna yin waƙoƙi gajeru masu daɗin bi, abin da ko kusa bai yi kama da na yaran ba. Wani malamin da sai ya ce musu wannan hayaniya ce, ku zo in koya muku kiɗa na gaske. Satriani ya ba da labarin yadda Hammett kan zo da jerin sautukan wata sabuwar waƙar ƙungiyarsu, ya tambaya wane tsanin sauti ne zai hau kansu. Sai ya zauna ya warware masa: in ka bi wannan ga yadda zai fito, in ka bi wancan zai fi duhu, ga na uku wanda ba a saba ji ba. Zaɓi kuma ya bar wa mai waƙa. Hammett ya ci gaba da zuwa darasi har bayan Metallica ta yi suna, yana sauka daga manyan dandamali ya dawo ya zauna a ɗan ɗakin bayan shago. Mutum ba ya yin haka ga malamin da ke neman mayar da shi inuwarsa.

Shi kansa malamin fa, duk wannan lokaci duniya ba ta san shi ba. Squares ba ta samu kamfanin da zai ɗauke ta ba. A 1984 ya buga ɗan ƙaramin faifai da kuɗinsa, a ƙarƙashin kamfanin da ya raɗa wa sunan matarsa Rubina, kuma duk sautin da ke ciki, har wanda ya yi kama da ganga, daga jita ya fitar da shi. Faifansa cikakke na farko, Not of This Earth, da katin bashi na banki ya yi shi, mai iyakar dala 5,000, har sai da ya shiga ƙungiyar Greg Kihn na ɗan lokaci don ya samu ya biya. Yana dab da shekara 30, ɗalibansa sun riga shi fita. A nan ne abin da ya shuka ya fara yi masa rana. Vai, wanda a lokacin sunansa ke tashe saboda aikinsa da David Lee Roth, ba ya shiga hira da 'yan jarida ya fita bai ambaci malaminsa ba, kuma shi ne ya haɗa shi da kamfanin Relativity, wanda ya fitar da faifan a 1986. Yaron da aka kora gida saboda sauti ɗaya shi ya buɗe wa malamin ƙofa.

A watan Oktoban 1987 faifansa Surfing with the Alien ya fito. Da ɗan kuɗi kaɗan aka yi shi, tare da injiniya John Cuniberti, kuma gangar da ke yawancin kaɗe-kaɗen ta na'ura ce. Ya kai lamba 29 a jerin Billboard, ya sayar da kwafi sama da miliyan 1 a Amurka. Ga faifan da babu kalma ko ɗaya a cikinsa, wannan abu ne da aka daɗe ba a gani ba a kiɗan rok. Na taɓa kunna wa wani abokina kiɗan farko na faifan muna cikin mota. Ya yi shiru kamar minti biyu yana kaɗa kai, sannan ya juyo ya ce, "Malam, wai yaushe mai waƙar zai shigo ne?" Na ce masa ai shi ne kake ji tun ɗazu. Ya sake saurarawa, can sai na ji yana bin karin da bakinsa. Tambayar tasa ita ce tambayar da gidajen rediyon Amurka suka yi ta yi wa masu kiɗan jita zalla, kuma amsar da Satriani ya bayar ita ce ta raba shi da sauran gwanayen zamaninsa. Ya gina kiɗansa yadda ake gina waƙa: ga baiti, ga amshi, ga inda ake dawowa. Jitar ce ke tsaye a wurin mawaƙi, tana numfashi inda mutum zai yi numfashi. Darasin Tristano ne na bin kiɗa da baki, ya dawo bayan shekara 13.

A saurari "Always with Me, Always with You", wanda ya yi wa matarsa. Daga farko wata jita ce ke ɗiga sautuka a hankali, an ɗan danne tsirkiyoyin da gefen tafin hannu don kada su yi ƙara. Sai karin ya shigo a kai, sautuka kaɗan, kowane an ja shi an bar shi ya ɗan yi rawa kafin a sake shi. Yaron da ya shekara ɗaya yana koyo zai iya kaɗa waɗannan sautukan na farko. Abin da ba zai iya ba shi ne sanin tsawon da zai riƙe kowane, da yadda zai tura tsirkiya sama da yatsa har ta kai daidai inda ake so, ba ta gaza ba ba ta zarce ba. A tsakiya kiɗan ya juya ya yi duhu, kamar hadari ya taso, gudu ya zo na ɗan lokaci, sannan a koma gida. Gudun yana da dalili a wurin, shi ya sa ba ya gajiyar da kunne. Shekara 23 bayan haka Nicki Minaj ta ɗauki wani yanki na kiɗan ta gina waƙarta "Right Thru Me" a kai, masu sauraronta da yawa ba su ma san daga ina ya fito ba.

Akwai wata dabara da aka fi danganta shi da ita, wadda ya yi ta koyarwa a darasi da kuma a rubuce-rubucensa na mujallar Guitar for the Practicing Musician. Bayaninta kamar turke ne da doki. Ka kafa sauti ɗaya a ƙasa, ba ya motsi. Sai ka riƙa sauya tsanin sautin da ke zagaye shi: yanzu mai haske, an jima mai baƙin ciki, an jima wani mai kama da tambaya. Dokin na zagayawa, turken na nan, saboda haka kunne ba ya ɓata ko da an kai shi nesa. Kiɗan "Not of This Earth" a kan wannan aka gina shi, haka ma tsakiyar "Satch Boogie", inda yake buga tsirkiya da yatsun hannu biyu a kan wuyan jita. A "Flying in a Blue Dream" na 1989 kuwa ya ɗauki tsanin da aka saba da shi ya ɗaga matakinsa na huɗu da rabin taki, abin da masana ke kira Lidiyan. Wannan ɗan ɗagawa shi ke sa mai sauraro ya ji kamar ƙafarsa ta bar ƙasa. Ba shi ya ƙirƙiro waɗannan abubuwa ba, sun daɗe a jaz da kiɗan gargajiyar Turai. Aikinsa shi ne ya sauko da su daga allon makaranta ya sa su cikin kiɗan da direban babbar mota zai kunna ya ji daɗi, sannan ya bayyana su da harshen da yaro mai jita a ɗakinsa zai gane.

Masu suka suna da abin faɗa, kuma ba zan yi kamar ban ji su ba. Ƙarshen shekarun 1980 ya cika da samari masu gudun yatsa, kowa na neman ya fi wani yawan sauti a cikin daƙiƙa ɗaya, faifai bayan faifai da ba ka iya tuna komai a ciki bayan an kashe. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Nasarar Satriani tana cikin abin da ya buɗe wa waɗannan kasuwa, kuma da yawansu abin da suka ɗauka daga gare shi gudun ne kawai, suka bar karin. Da Nirvana ta fito da Nevermind a 1991, jama'a suka juya wa gwanintar yatsa baya gaba ɗaya, har ta kai a 2003 Metallica ta fitar da St. Anger ba tare da an bar Hammett ya yi kiɗan kaɗaici ko sau ɗaya ba. Shi ma Satriani ba duk abin da ya fitar ne ya kai ba. Yana da faya-fayan da suka yi tsawo, inda ganga da jitar ƙasa ke tafiya a miƙe kamar an ɗora su ne don kawai ya samu abin takawa, kuma waƙoƙin da ya rera da bakinsa a Flying in a Blue Dream ba su kai ƙurar kiɗansa ba. Amma a lura da abu ɗaya: a 1992, a tsakiyar wannan juyin, ya fitar da The Extremist, ya kai lamba 22, sama da inda Surfing ya tsaya, kuma "Summer Song" ya shiga gidajen rediyo. Iskar da ta kwashe masu gudu ba ta kwashe shi ba, don akwai abin da mutum zai riƙe ya tafi da shi gida yana rerawa.

Manyan gidaje sun neme shi. Mick Jagger ya ɗauke shi rangadin Japan da Ostareliya a 1988. A ƙarshen 1993 Ritchie Blackmore ya fice daga Deep Purple ana tsakiyar rangadi, Satriani ya haddace waƙoƙinsu cikin 'yan kwanaki ya cike gurbin a Japan, ya sake bin su Turai a 1994. Sun so ya zauna, ya ƙi. Yana da yarjejeniyar faya-fayansa, kuma yana ganin wurin na Blackmore ne. Wanda ya shekara 10 yana hana yara zama inuwar wani ba zai yarda ya ƙare a haka ba. Abin da ya yi maimakon haka ya fi kama da halinsa. A 1996 ya kafa G3, rangadin makaɗan jita uku, na farko shi da Vai da Eric Johnson. Kowa ya hau ya yi nasa, a ƙarshe su haɗu su uku su kaɗa tsofaffin waƙoƙi, sau da yawa na Hendrix, suna miƙa wa juna. Manajoji ba sa son irin wannan, don babu mai son a tsayar da gwaninsa kusa da wanda zai iya shafe shi. Shi kuwa mai rangadin da kansa yake gayyato waɗanda suka fi shi gudu, irin su Yngwie Malmsteen da John Petrucci da Paul Gilbert, da wanda ya sha bamban da kowa kamar Robert Fripp, ya tsaya gefensu yana murmushi.

Sau ɗaya na san ya fito ya ce wannan nawa ne. A Disamban 2008 ya kai Coldplay kotu, yana cewa karin waƙarsu "Viva la Vida" an ɗauko shi daga kiɗansa "If I Could Fly" na 2004. Coldplay sun musa, suka ce in akwai kama to dacewa ce. A Satumban 2009 aka rufe shari'ar ba tare da an bayyana abin da aka daidaita a kai ba. Ba ni da hurumin yanke hukunci, kuma kari mai sauƙi yakan faɗo wa mutum biyu da ba su san juna ba. Abin da ya ja hankalina shi ne inda ya ja layi. Dabarunsa na yatsa dubban mutane sun kwashe, shi da kansa ya rubuta su ya raba, bai taɓa cewa uffan ba. Da aka zo kan kari sai ya tashi tsaye. Ita kuwa "Viva la Vida" ta ci kyautar Grammy ta waƙar shekara a 2009, shi kuwa Satriani an sa sunansa a takarar Grammy sau 15 bai taɓa ɗauka ba, alhali Vai yana da uku, Hammett ma ya tara nasa tare da Metallica. Wannan rashin yana yi mini ciwo, ko da yake alƙalan ne ya kamata su ji kunyarsa.

Yau yaron da ke son jita ba ya buƙatar ƙwanƙwasa ƙofar kowa. YouTube cike yake da darussa, ana rage gudun kiɗan Satriani a nuna maka kowane yatsa inda ya sauka, kuma akwai 'yan shekara 12 da ke kaɗa "Surfing with the Alien" ba kuskure. Alheri ne babba, musamman ga wanda ke garin da babu malami. Bombino, makaɗin jita na Agadas, ya faɗa cewa yana yaro a gudun hijira ya yi ta kallon bidiyon Hendrix da Mark Knopfler yana kwaikwayo, wato mutuwar da ta fitar da Satriani daga filin ƙwallo ba ta hana mamacin koyar da wani yaro a Sahara ba. Amma shi ma Bombino sai da ya shiga hannun wani makaɗin jita mai suna Haja Bebe, ya zauna cikin ƙungiyarsa, kafin ya zama abin da ya zama. Bidiyo yana nuna maka yadda wani ya yi. Ba ya jin ka, ba ya lura cewa kana gudu ne don ka ɓoye inda ba ka sani ba, ba ya ce maka tashi ka tafi gida. Kuma ba zai taɓa sauraron ɗan abin da ka ƙirƙira jiya da daddare ya shimfiɗa maka hanyoyi uku ya ce ka zaɓa ba. Shi ya sa muke da dubban masu kaɗa kiɗan Satriani daidai, amma ɗakin bayan shago ɗaya a Berkeley ya fitar da Skolnick da Hunter da LaLonde. Shi ma da alama ya san da wannan giɓi, don a 2014 ya fara shirya sansanin G4, inda masu koyo ke kwana da yini tare da shi da wasu gwanaye na 'yan kwanaki.

A farkon 2024 G3 ta asali ta sake haɗuwa, shi da Vai da Johnson. A watan Maris na shekarar, bayan sama da shekara 50 da ranar jita marar tsirkiya, shi da Vai suka fitar da kiɗan da suka tsara tare, suka sa masa suna "The Sea of Emotion, Pt. 1". Sunan wani fili ne kusa da makarantarsu ta Carle Place, inda suke zama suna yara suna hira har dare. A 2025 suka haɗa ƙungiya ɗaya, SatchVai, suka zaga Turai, malamin yana dab da 69, ɗalibin yana 65. In ka rufe ido kana sauraron kiɗan nan, ba sai an faɗa maka ba za ka san inda ɗaya ya tsaya ɗayan ya karɓa: na Satriani a miƙe, zagaye, kamar mai rera waƙa, na Vai yana lanƙwasa yana zamewa kamar mai magana da wani harshe na daban.